Jirgi Ƙirar Gida: Ɗauko Gwani Ba Abin Kunya Ba Ne

Da wuya shekara ta juyo ba a ga irin wannan bidiyo yana yawo a Facebook da WhatsApp ba. Matashi ne tsaye a wani fili a gefen gari, kusa da wani abu mai fukafukai biyu da jela, an shafe shi da fenti kore da fari, an rangaɗa sunan jiha a jikinsa. Ƙafafunsa tayoyin baro, kujerarsa ta tsohuwar mota, injinsa na babur ko na janareta. Sai ya ja igiya, injin ya ɗauka, farfela ta fara juyawa tana tayar da ƙura, yara su dare suna sowa, manya kowa ya ɗaga waya. Masu kallo kuwa addu'a ba iyaka: Allah Ya ƙara basira, wai ina gwamnati ne, ai da a Turai ne da tuni an ɗauke shi. A cikin wannan yabo akwai magana guda da ake nanatawa da alfahari, cewa shi kaɗai ya ƙera, babu wanda ya sa masa hannu.

Wannan maganar ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba kasafai take zama gaskiya ba. Duk wanda ya san yadda aikin ƙarfe ke tafiya a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ya san ɗalibin da ya zana jirgi a takarda ba ya ajiye da injin walda a ɗakinsa. Wurin mai walda na bakin titi zai nufa, mai haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, su yi jinga. Bakanike ne zai ɗora masa inji, mai gyaran jikin mota ya lanƙwasa masa falle, kafinta ya sassaƙa farfela. Ke nan ana ɗaukar ma'aikata tun tuni, sai dai ana ɗaukarsu a ɓoye, ana kuma ɗaukar waɗanda aikin ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Idan kuma maganar ta zama gaskiya, mutum ɗaya ne ya zana, ya yanka, ya haɗa, ya duba, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa aikin ya yi, to sai a tsorata, domin da wuya jirgi ya zama abin dogaro ta wannan hanya. Mai ƙera jirgi a gida dole ne ya nemi hannun wasu, ya biya su. Abin da ke raba mai rai da gawa shi ne wa ya ɗauka, me ya ba shi, me ya riƙe a hannunsa, wa kuma ya duba aikin kafin a rufe shi da fenti.

Jirgin Kano da jirgin Kaduna

Arewa tana da misalai biyu da ya kamata a jera su. A 2007 kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya ɗauko labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ɗan shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Injin Honda Civic na hannu ya ɗora masa, da kujerun tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano shekarun baya. Wata takwas ya yi yana fama, da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar salula da ɗan tallafin mahaifinsa, ilimin kuwa a intanet ya tsinto shi. Jirgin mai tsawon mita 12, in ji rahoton, ya ɗaga sau kaɗan, bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kuma mai shi ya koka cewa hukuma ba ta waiwaye shi ba. Akwai masu ambaton ƙafa bakwai ɗin nan da ba'a. Ni a ganina rahama ce. Wanda ya rikito daga ƙafa bakwai zai iya tashi ya kaɗe rigarsa, ya koma ya sake lissafi. Basirar da ta iya ɗaga wannan nauyi daga ƙasa da injin mota ba ƙarama ba ce, abin da ta rasa shi ne injiniyan da zai zauna da ita ya ce nan daidai ne, nan kuwa kisa ne.

Misali na biyu ba a cika tunawa da shi ba, alhali ya fi kusa da batunmu. A ƙarshen shekarun 1980 Rundunar Sojin Saman Nijeriya tana neman jirgin koyon tuƙi da zai gaji Bulldog ɗinta ƙirar Birtaniya. Abin da aka tsayar a kai shi ne RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka, jirgi mai kujera biyu wanda tun asali an tsara shi ne don mutum ya sayi sassansa cikin akwati ya je ya haɗa a garejin gidansa. An yi odar kimanin 60, kamfanin AIEP na Kaduna, mai alaƙa da Dornier ta Jamus, ya haɗa su tare da yi musu gyare-gyare, aka raɗa musu suna Air Beetle. Sun yi shekaru suna horar da matuƙa a Kaduna kafin a sayo jiragen Super Mushshak daga Pakistan wajen 2016. Wato jirgin ƙirar gida ya taɓa zama ajin farko na matuƙan sojan ƙasar nan, kuma ma'aikatan da ake biya albashi ne suka ɗaura kowace ƙusa a jikinsa.

Tsakanin jirgin Kano da na Kaduna ba wayo ne ya bambanta ba. Na Kaduna ya tashi ne daga zanen da aka riga aka gwada, wanda yanzu dubban irinsa suke shawagi a duniya, da ƙarfen da aka san asalinsa, da ma'aikatan da aka horar, da mai dubawa da ke sa hannu a kowane mataki. Ko rundunar kanta ba ta jin kunyar neman hannu. Jirginta marar matuƙi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018, wanda aka sa wa suna Tsaigumi, ƙanen jirgin Gulma na 2013, da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal mai suna UAVision aka yi shi. Idan rundunar da ke da injiniyoyi masu digirin digirgir ta nemi taimako, ɗan sakandare da ke Dutse me zai ji wa kunya?

Bakaniken da tarihi ya kusa mantawa

Masu son labarin gwarzo ɗaya tilo sukan kafa hujja da Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan masu shagon kekuna a Dayton ta jihar Ohio, da suka tashi a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba 1903. To amma injin da ya ɗaga su ba su suka ƙera shi da hannunsu ba. Sun rubuta wa kamfanonin motoci suna neman inji marar nauyi, ba su samu ba, sai suka koma ga ma'aikacin shagonsu, Charlie Taylor, bakaniken da suke biya lada. Cikin kimanin mako shida ya fitar musu da inji mai ƙarfin doki 12, gangar jikin injin kuma a wata maƙerar garin aka zuba ta da alminiyam. Abin lura shi ne yadda suka raba aikin. Sun ba gwanin ƙarfe aikin ƙarfe, suka riƙe abin da babu mai iya yi musu: lissafin fukafuki, siffar farfela, da yadda za a sarrafa jirgin a iska, bayan shekaru suna gwaji da jirage marasa inji. Yau hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da lambar girmamawa da take ba tsofaffin makanikan jirgi da sunan Charles Taylor. Jirgin farko a tarihi ma da hannun ɗan ƙwadago a cikinsa.

Waldar ƙofa daban, ta jirgi daban

Kada a ɗauki wannan a matsayin raina masu walda. Duk wanda ya tsaya ya kalli gwani a bakin aikinsa ya san sana'a ce ta gaske: ya tsuguna, baƙin gilashi a ido, ya ɗiga wuta a kusurwa huɗu don ƙarfen ya tsaya, ya ja layin walda, ya karkare ɓawon da guduma, sannan ya buga haɗin da ƙarfi. In bai tsage ba, aiki ya yi. In kuwa yana shakka, sai ya ƙara ƙarfe, ya ƙara walda, domin ƙofa ba ta ƙin nauyi. Wannan ɗabi'a da ta sa ƙofarsa ke shekara ashirin tana aiki ita ce ke kashe jirgi, saboda a jirgi kowane kilo abokin gaba ne. Firam ɗin ƙananan jirage da ake haɗawa da bututu, da wani ƙarfe na musamman ake yin sa mai lamba 4130, wanda kaurin bangonsa kan gaza milimita ɗaya. Waldar lantarki ta bakin titi huda shi take yi, sai da waldar gas ko ta iskar agon, a hannun wanda ya saba da ita. Bututun da ake sayarwa don tagogi da rumfuna kuwa, in an sa mai kauri jirgi ba zai ɗaga ba, in an sa siriri ba zai jure ba.

Gwajin guduma ma ba ya gano abin da ke karya jirgi. Injin da ke juyi 2,500 a minti yana girgiza kowane haɗi sau dubu ɗari da hamsin a awa guda. Kowa ya san yadda ake tsinka waya ba tare da filaya ba: a lanƙwasa ta gaba da baya har ta gaji ta rabu. Haka ƙarfe ke gajiya, tsaga ta fara kamar silin gashi a ƙarƙashin fenti, ta yi ta ci ba wanda ya gani. Shi ya sa ƙusoshin jirgi ke zuwa da alama a kansu da takardar asali, kuma noti ba a barinsa haka nan, sai an ɗaure shi da waya ko an soke shi da fil don kada girgiza ta kwance shi. Ƙusar da aka tsinto a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano tana iya zama mai kyau, tana iya zama ta banza, ido ba zai raba ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa ɗan hakin noti ne na naira ɗari biyu.

Shi ma bakanike yana da tasa ɗabi'ar da mota ta koya masa: a je a gwada, in ta ba da matsala a dawo. A sama babu gefen titin da za a faka. Injin mota yakan ba da cikakken ƙarfinsa ne a juyi dubu biyar zuwa shida, ita kuwa farfela ba ta son wuce dubu biyu da ɗari bakwai ko makamancin haka, don haka sai an sa na'urar rage juyi a tsakani, wadda ita kanta aikin injiniya ce. Mota tana shafe yawancin tafiyarta da ɗan kaɗan daga ƙarfin injinta, jirgi kuwa yana riƙe wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa awa da awanni. Injin jirgi na ainihi yana da fulogi biyu a kowace silinda da hanyar wuta biyu masu zaman kansu, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Sai kuma batun daidaiton nauyi, wanda ba aikin mai walda ba ne ba kuma na bakanike ba: in nauyi ya karkata baya da 'yan inci, jirgi zai ɗaga hanci ya ƙi saukewa har ya faɗo. A ƙara da zafin Afrilu a Dutse, da kan haura digiri 40, lokacin da iska ke yin sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fukafuki su rage ɗauka. Jirgin da ya ɗaga da sanyin hunturu yana iya ƙin ɗagawa da bazara.

Wanda yake ganin an zuzuta, ya dubi abin da ya faru a Indiya a watan Agusta na 2021. A ƙauyen Fulsawangi da ke gundumar Yavatmal, wani matashi mai suna Sheikh Ismail, ɗan shekara 24, wanda walda ce sana'arsa, ya shafe kimanin shekara biyu yana ƙera jirgi mai saukar ungulu. Yana cikin gwada injin a ƙasa, abokansa na ɗaukar bidiyo, farfelar jela ta ɓalle ta bugi babbar farfela, ita kuma ta sare shi a kai, ya rasu. Bai ko bar ƙasa ba. Gwani ne a walda, kuma shi kaɗai ya ƙera.

Inda Amurka ta shata iyaka

Akwai haɗari a ɗaya ɓangaren ma, kuma ƙasashen da suka daɗe a harkar shi suka fi fama da shi: mai kuɗi ya biya a ƙera masa jirgi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya ce aikin hannunsa ne. A Amurka, inda jiragen ƙirar gida masu rajista suka haura dubu talatin, doka ta ba su rukuni na musamman, ta sauƙaƙa musu sharuɗɗan da ake gindaya wa masana'antu, bisa sharaɗin cewa mafi yawan aikin masu shi ne suka yi don neman ilimi ko nishaɗi. Ita ce ake kira dokar kashi 51. Ba ta hana ɗaukar ma'aikaci ba. Mutum yana iya sayen inji da farfela da tayoyi, ya biya a yi masa fenti da ɗinkin kujeru da haɗa na'urorin sadarwa, ya biya malamin da zai tsaya a kansa yana nuna masa yadda ake aiki. Abin da ta ce shi ne duk aikin ƙira da haɗi da ɗan kwangila ya yi maka, ba a lissafa shi cikin kasonka. Da cibiyoyin taya haɗa jirgi suka yawaita har abin ya fara zama masana'anta ta bayan fage, FAA ta sake tsaurara ƙa'idar a 2009, da jerin ayyuka da ake bi ɗaya bayan ɗaya ana rubuta wanda ya yi kowanne. Mai jirgi yana ajiye littafin aiki da hotuna, yana sa hannu a takardar rantsuwa, ƙarya a cikinta kuma laifi ce mai tara ko ɗauri. Bayan an duba jirgin, yawanci sai ya yi awa 25 ko 40 yana gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki kafin a yarda ya ɗauki fasinja.

Hikimar dokar a fili take ga Bahaushe, wanda ya san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ƙera mafi yawan jirginsa ana ba shi izinin ya riƙa yi masa binciken shekara-shekara da kansa, domin ya san abin da ke ƙarƙashin kowane falle. Wanda ya saya ko aka yi masa bai sani ba. Mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya rasu a watan Oktoba na 1997 a gaɓar Kalifoniya cikin wani jirgin ƙirar gida da bai daɗe da saya ba. Wanda ya ƙera shi ya saɓa wa zanen asali, ya mayar da makunnin sauya tankin mai bayan kafaɗar hagun matuƙi, inda sai an juya jiki kafin a kai hannu, kuma masu bincike sun sa wannan cikin dalilan hatsarin. Duk da wannan tsari nasu, binciken da hukumar binciken hatsari ta ƙasar ta fitar a 2012 ya nuna jiragen ƙirar gida kusan kashi goma ne cikin ɗari na ƙananan jiragensu, amma su ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hatsarin da aka rasa rai, matsalar inji da tashin farko kuma suna kan gaba. Wannan fa a ƙasar da ke da kayan aiki na ƙwarai da ƙungiyar EAA, wadda tun 1953 take haɗa masu wannan sha'awa, take kuma tura tsofaffin hannu su duba aikin sababbi kyauta.

Ga masu ja da wannan magana

Za a ce duk wannan zancen masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Akwatin sassan jirgi da injinsa da na'urorinsa kan lashe dubban daloli masu yawa, sau da yawa fiye da dubu ɗari, ga aikin awa dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu. Matashin da ke tara kuɗin gyaran waya ba zai kai nan ba. Sai dai hannun da ya fi muhimmanci a ɗauka shi ne ya fi araha, wato ido mai dubawa. Yini guda na injiniyan gyaran jirgi, ya duba zane ya auna nauyi ya leƙa haɗe-haɗe, ba zai kai kuɗin injin da ake ɗorawa ba. In ya duba ya ce wannan ba zai ɗauki mutum ba, ba a yi asara ba, an sami samfurin nuni, a kira shi da sunansa, a kai shi baje kolin kimiyya, kada kowa ya zauna a ciki. Wanda kuma yake son ya koyi yadda iska ke ɗaukar fukafuki, ƙaramin jirgin da ake sarrafawa daga ƙasa zai koya masa, ya faɗi sau goma ba a yi jana'iza ba.

Za a kuma ce in gwani ya shigo, sunan yaro ya ɓace, wasu za su ci da guminsa. Wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba, amma maganinsa rubutu ne. Littafin aiki mai kwanan wata da hoto da sunan wanda ya yi kowane haɗi shi ke kare haƙƙin mai fasaha, shi ne kuma ke fito da mai waldar da yanzu ake ɓoye sunansa ranar yabo, alhali shi za a fara nema ranar da aka yi asarar rai. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta daɗe da ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa in suka lalace a hannunsa, to ina ga abin da zai ɗauki rai? A nan ne ma ya kamata a sake duba al'adar jinga. Jinga tana saka wa mai sauri, tana hukunta mai tsayawa ya warware ya sake. Ga ƙofa babu laifi. Ga jirgi ladan yini ya fi, mai aikin yana tsaye ana yi a gabansa, kuma in haɗi bai yi ba a yanke a sake ba tare da an yi rigimar kuɗi ba. Sana'o'inmu ma ai a gaban gwani ake koyonsu. Ɗan maƙeri yakan shekara yana zuga kafin a miƙa masa guduma, ba wanda ya ce an kashe masa basira.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa Jigawa tana fama da ambaliya da makarantu da asibitoci, ina ruwanta da jirgi? In ana nufin gwamnati ta sayo jirgi a haɗa don a ɗauki hoto ranar biki, to ina tare da su. Amma abin da ake koya a hanyar ƙera jirgi ba ya tsayawa a jirgi. Mai waldar da ya iya waldar agon, ya saba da awo zuwa milimita, ya san bambancin ƙarfe da ƙarfe, ya koyi rubuta abin da ya yi, shi ne zai ƙera injin casar shinkafa da famfon ban-ruwa da manoman kwarin Hadeja ke buƙata. A Kpong ta ƙasar Ghana an yi shekaru ana haɗa ƙananan jirage daga akwati ana horar da 'yan matan karkara a kai, daga cikinsu Patricia Mawuli ta zama matuƙiya kuma ƙwararriya a gyaran injin jirgi ƙirar Rotax. Ba su jira ƙasarsu ta gama da talauci ba.

Sai masu gudun hukuma, da ke cewa da ka kai kanka za a ƙwace. A halin tsaron da ake ciki ba mamaki a yi zargin duk abin da ke tashi sama, ko ƙananan jirage marasa matuƙi ma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Doka kuma a bayyane take, jirgi ba ya tashi a sararin Nijeriya sai da rajista da takardar shaidar lafiyarsa. Amma hukuma ita ma da nata alhakin. Birtaniya ta damƙa wa ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA aikin sa ido kan irin waɗannan jirage, masu dubawarta suna zuwa mataki-mataki suna sa hannu kafin a rufe fuffuke ko a ɗora inji. Muddin matashi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa tun yana kan takarda, a ɓoye zai yi aikinsa, labarin farko da NCAA za ta ji kuwa na hatsari ne.

Abin da Dutse ke da shi a hannu

Dutse ba ta rasa kayan haɗi ba. Filin jirgin saman da aka buɗe a 2014 zamanin Sule Lamido, wanda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, yakan cika lokacin jigilar alhazai, sauran watanni kuwa titinsa hutawa yake yi yawancin yini. Wuri irin wannan, mai shinge da motar kashe gobara, shi ya dace da gwaji, ba filin ƙwallon da yara suka kewaye ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga ta Hussaini Adamu a Kazaure. Zariya, inda kwalejin NCAT ke yaye matuƙa da injiniyoyin gyaran jirgi tun kafuwarta a 1964, tafiyar 'yan awanni ce. Kaduna kuma ta nuna ana iya haɗa masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka da makarantar kimiyya da fasaha a gwada su a ba su shaida. Rumfar aiki guda, da injin waldar agon, da sikeli, da injiniyan da zai riƙa zuwa daga Zariya ko Kaduna lokaci-lokaci, ba su fi ƙarfin jiha ko wani attajiri ɗaya ba.

Kafin a kai ga haka, magana tana wurin masu walda da makanikai, tunda ƙafar kowane mai wannan buri sai ta biyo ta shagonsu. Ranar da yaro ya shigo da takarda ya ce Oga, jirgi nake so ka haɗa mini, kada a kore shi, kada kuma a yi ciniki tukuna. A tambaye shi wa ya duba zanen, wane ƙarfe za a sa, wa kuma zai zauna a ciki. In amsar ta ƙarshe ita ce shi da kansa, ta farkon kuma babu kowa, to kada a kunna injin walda sai ya kawo injiniya.